Sunan da Fada Ya Ƙi Rubutawa

Ranar Talata, huɗu ga watan Fabrairu na shekarar 2025, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ran Malama Hannie Quill a gidanta da ke kan tudun Glanlea, tana da shekara casa'in da ɗaya a duniya. Ɗan ƙanenta Diarmuid ne ya kira ni, ina tsaye a kicin ina kwaɓa burodi. Da ya faɗa mini, abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne tambaya ko an gaya wa ƙudan zumarta rasuwar, yadda al'adarmu ta tanada. Ya ce ai dalilin da ya sa ya fara kirana ke nan, shi tsoronsu yake ji.

Malama, yau kwananki goma sha huɗu da tafiya. An faɗi alheri mai yawa a kanki a coci da wajen zaman makoki, kuma duk gaskiya ne. Shekara arba'in da ɗaya kika yi kina koyarwa a makarantar ƙauyenmu, babu gidan da jan alƙalaminki bai shiga ba. Duk wanda ya kwanta ciwo a Glanlea ya san zai ga kwalbar zuma a bakin ƙofarsa ba tare da an ƙwanƙwasa ba. Kin gyara wa mai shago rubutun allonsa da alli, kin gyara wa fada, limamin cocinmu, takardar sanarwar Lahadi, har mai sassaƙa duwatsun kabari sai da ya riƙa kawo miki rubutu ki duba kafin ya sa guduma. 'Yan Amurka da ke zuwa neman tushensu da rabin suna da hoto ɗaya, gidanki ake nuna musu. Su sha shayi, su sha faɗa a kan yadda suke furta sunan kakanninsu, su tafi da amsa. Ni kam abu ɗaya zan rubuta, abin da kika yi mini a watanninki na ƙarshe, domin ban gode miki yadda ya kamata ba. Kin san halina, bakina ya fi saurin faɗa a kan godiya.

Ke kika koya mana tsarin raɗin suna a aji uku, muna rerawa kamar lissafin sau. Ɗan fari namiji, sunan kakansa na wajen uba. Na biyu, kakansa na wajen uwa. Na uku, ubansa. 'Yar fari kuwa, sunan kakarta ta wajen uwa. Kin ce wanda ya riƙe wannan zai iya shiga maƙabarta ya jera matattu gida-gida ba tare da ya tambayi kowa ba. Ni ce 'yar farin mahaifiyata Kit, saboda haka aka yi wa uwarta takwara da ni. Ita ma kakar tawa 'yar fari ce, sunan tata kakar ta ci. Haka Deborah ya gangaro gare ni, yana tsallake uwa yana faɗawa kan jika.

Duk faɗin ƙauyen nan da ƙauyukan da ke kewaye, gidanmu kaɗai ke da wannan suna. Kowa kuma ya san dalili, ko in ce kowa ya ɗauka ya sani. Deborah ta farko an haife ta a tsakiyar babbar yunwa, lokacin da dankali ya ruɓe a gona, lokacin da wasu masu wa'azi ke raba miya ga duk wanda ya yarda ya bar cocinmu ya koma nasu. Sunan kuwa irin nasu ne, babu mai tantama. Sai aka ce iyayenta sun sha miyar, sun sayar da addininsu a kan kwano ɗaya, shi ya sa suka bar sunan gida suka ɗauko na baƙi. Sama da shekara ɗari da saba'in ke nan, amma a Glanlea ba a manta irin wannan. Kakata har ta mutu a bencin baya take zama a coci. Mahaifiyata kuwa ba ta taɓa dafa miya ta kai taron coci ba, ko an roƙe ta, sai dai ta kai burodi.

Kin tuna ranar da Mossie Creedon ya kawo cokali makaranta? Shekarata takwas. Ya ajiye shi a kan teburina gaban kowa, ya ce wai kada in ƙona baki. Na fasa masa hanci da allon rubutu. Kika tsayar da shi a lungu yini guda, ni kuma kika share mini fuska da gefen rigarki, kika ce, "Deborah, koma ki zauna." Kowa Debbie yake kirana, domin na hana a faɗi sunan cikakke, ke kaɗai kika ƙi. Shekara hamsin da biyar kina kirana Deborah, duk lokacin da kika faɗa sai na ji kamar an taka mini yatsa. Shi kuwa Mossie bai shiryu ba. Mun tsufa tare, ya yi sanƙo, ya yi jikoki, amma in muka haɗu a shago sai ya ce, "'Yar gidan miya, yau me aka dafa?" Ina mayar masa da wadda ta fi ta zafi, muna dariya. Ban taɓa gaya wa kowa cewa a mota nake zama in huce kafin in iya tuƙi ba.

A watan Agustan bara 'yata Treasa ta dawo daga awo da labarin cewa mace za ta haifa. Ta zauna a kicin ɗina tana murmushi, ta ce sun gama magana da mijinta Fergal, za a bi al'ada, yarinya za ta ci sunana. Nan take na hau dokin zuciya. Na ce ban yafe ba, duk wanda ya ɗora wa jaririya wannan kaya ba ya ƙaunarta, su sa mata sunan uwar Fergal ko sunan da suka tsinta a talabijin, ni dai a bar sunan ya mutu da ni. Treasa ta miƙe a hankali da cikinta, ta ce, "Mama, ni sunan uwata na sani, ban san na masu miya ba." Na ce ta fita mini daga kicin. Ta kuwa fita. Mako shida ba ta taka gidana ba, ni ma girman kai ya hana ni ɗaga waya. 'Yata ɗaya tilo, da cikin fari, ina jin labarin lafiyarta a bakin mai gyaran gashi.

A ƙauye irin namu ba a buƙatar a kai miki rahoto. Kika aiko in zo in ɗauki zuma. Na zo da shirin shan faɗa, na ma tanadi amsoshina tun a hanya. Sai kika zuba mini shayi, kika daɗe kina juya cokali, sannan kika ce kina da laifi a wurina. Kika ce ranar da kika tsayar da Mossie a lungu, kin hukunta shi ne don ya faɗi abin da bai kamata a faɗa ba, ba don kin ɗauka ƙarya ya yi ba. Ke ma kin yarda da labarin. Kin bi wa baƙi daga Boston da Chicago sawun kakanninsu har gida bakwai, amma ba ki taɓa buɗe namu ba, don kina tsoron ki tabbatar da abin da zai ƙara mini ciwo.

"Malamar da ba ta duba aiki ba ta sa maki," kika ce, "ni ce. Ki zo ranar Laraba da mota."

Na ce ba na son a tono mini komai. Kika yi kunnen uwar shegu da ni, kika ce ƙarfe tara, kuma in share kujerar gaba daga gashin kare.

Laraba biyar muka yi muna zuwa ɗakin karatu na Macroom, inda ake iya ganin hotunan tsofaffin littattafan baftisma a na'ura. Ke da gilashinki na ƙara girman rubutu, hancinki kusan manne da allon, ni kuma a gefe ina tsaki ina duba agogo. Rubutun Latin ne, tawada ta koɗe, wasu shafukan ruwa ya ci rabinsu. A Laraba ta biyu kika same ta: watan Maris na 1848, Debora, 'yar Honora Lucey. Na ce to ga shi nan, shekarar yunwa, mu tashi mu tafi. Ba ki ko ɗago kai ba. Kika tambaye ni a wane littafi muke karantawa, na masu miya ko na cocinmu? Na duba, na cocinmu ne. Kika ce mutumin da ya bar coci ba ya kawo jaririyarsa wurin fada a zuba mata ruwa. Sannan kika sa ni in rera miki karatun aji uku, ni da furfurata, a gaban ma'aikaciyar ɗakin karatu. 'Yar fari, sunan kakarta ta wajen uwa. Kika ce saura mu san sunan uwar Honora.

Littafin bai kai can baya ba, sai muka koma tsohuwar maƙabarta ta bayan rusasshen coci. Watan Oktoba ne, ana yayyafi, kina dogara sanda da hannu ɗaya, ɗaya hannun a kafaɗata. Na ce in kika faɗi kika karye Diarmuid zai kashe ni. Kika ce in kika faɗi a nan ai kin rage wa mutane wahalar ɗauko ki. Kin san kusurwar da Lucey suke, kika kai ni kai tsaye wurin wani dutse da ya karkace, gansakuka ta rufe shi. Wani ɗansu da ya tsira zuwa Amurka ne ya aiko aka kafa shi daga baya. Na durƙusa a cikin taɓo da buroshin wanke tukunya ina gogewa, kina karantawa harafi-harafi daga sama. Gobnet, matar Denis Lucey, ta rasu 1841. A ƙasa kuma, da 'yarsu Honora, 1848.

Gobnait. Sunan waliyyarmu ta Ballyvourney, mai ƙudan zuma, wadda kowace shekara muke zuwa rijiyarta ranar sha ɗaya ga Fabrairu. Sunan da ya fi kowane suna zama namu. Na ce to ai wannan ya ƙara tabbatar da zancen mutane, tunda ga sunan da ya kamata a sa, aka ƙi sawa. Kika ce in rufe baki in taimaka miki ki koma mota, ƙafafunki sun yi sanyi.

Sauran Larabobin uku ƙirga kika yi. Kin lura cewa daga ƙarshen 1847 hannun mai rubutu ya canza, wani sabon fada ya zo, ya yi shekara biyu ya tafi. Kafin zuwansa, duk shekara akwai Gobnait biyar ko shida a littafin. Bayan tafiyarsa ma haka. A shekara biyun da ya yi kuwa babu ko ɗaya, sai Debora har goma sha ɗaya. Kika ajiye gilashin kika ce ko dai rabin Glanlea sun sha miya a ɓoye suna zuwa coci, ko kuma mutum ɗaya ne ya ga sunan ƙauye bai dace da littafin Latin ba. A wajenmu in za a juya Gobnait zuwa Turanci Abbey ake cewa, shi ya sa babu wanda ya taɓa haɗa su. Amma a tsallaken dutse, a lardin maƙwabtanmu na Kerry, Deborah suke cewa, domin a Ibrananci ma'anarsa ƙudan zuma. Kika bi sawun fadan har kika gano garinsu. Ɗan Kerry ne, Malama. Duk wannan baƙin ciki na gidanmu, ashe ɗan Kerry ne ya ja mana, kamar abin da suke mana a filin ƙwallo bai isa ba.

Na yi dariya har ma'aikaciyar ta leƙo. Daga nan na tambaye ki abin da ya tsaya mini: in su goma sha ɗaya ne, me ya sa a gidanmu kaɗai sunan ya zauna? Kika ce sauran goman sun koma gida a hannun iyayensu, aka ci gaba da kiransu Gobnait, babu wanda ya damu da abin da fada ya rubuta da yaren da ba sa ji. Tamu kuwa uwarta ta mutu a shekarar. Mun daɗe da sanin cewa a gidan gajiyayyu ta tashi, ta dawo ƙauye tana budurwa tana aikatau. A can sunan da ke kan takarda suka kira ta da shi. Duk wanda ya san sunanta na gaskiya yana ƙarƙashin ƙasa ko yana cikin jirgin ruwa. Ta dawo garin uwarta da baƙon suna, mutane suka dube ta suka yanke hukunci, ita kuma ba ta da abin da za ta kāre kanta da shi, don ita ma ba ta sani ba. A nan ne na kifa kai a kan teburin mutane na yi kukan da ban yi ba tun ina shekara takwas. Kika bar ni na gama, kika miƙo mini hankici mai ƙamshin kakin zuma.

Sai da muka shiga mota kika ba ni takardar da kika jera sunayen goma sha ɗayan, kika ce in duba ta bakwai. Debora, 'yar Maurice Creedon. Ranar Lahadi bayan an fito daga coci na tare Mossie a bakin ƙofa, jama'a na tsaye, na miƙa masa takardar da cokali. Ya karanta sau biyu, kunnuwansa suka yi ja. Na ce, "Ɗan gidan miya, a ci a hankali, da zafi." Bakinsa ya mutu, karo na farko a tarihin Glanlea. Da yamma ya zo gidana da hularsa a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce shi wasa ya ɗauke shi duk shekarun nan. Na ce na sani, ya shigo ya sha shayi.

Wurin Treasa ya fi wuya. Na je da takardun, na shimfiɗa su a kan teburinta ina ta bayani kamar lauya, ita kuwa ba takardun take kallo ba. Da na rasa abin faɗa na ce ta yafe mini. Ta kama hannuna ta ɗora a kan cikinta, yarinyar na ta harbi.

Na dawo wurinki da murna na ce an gama, Gobnait za a sa, a binne Deborah kowa ya huta. Na ɗauka za ki yaba mini. Sai kika ɓata rai irin na aji.

"Marainiyar nan ba ta gaji gona ba, ba ta gaji ko cokali ba," kika ce. "Suna ɗaya aka ba ta, shi ma bisa kuskure. Ta riƙe shi duk da zagi, ta miƙa wa jikarta don kada al'ada ta yanke a kanta. Ke ce za ki jefar mata da shi?"

Ban amsa ba. Kin san in ban amsa ba na ji.

An haifi yarinyar ranar tara ga Janairu. Kafin ƙarshen watan kin riga kin kwanta ciwo, muka naɗe ta a bargo muka hau tudu da ita. Kika riƙe ta a ƙirjinki, idonki ba ya gani sosai, kina shafa kanta da yatsa biyu. Kika tambayi ranar baftisma, Treasa ta ce sha shida ga Fabrairu, kuma an tanadar miki kujera a gaba. Kika ce to, Allah ya kai mu. Sannan kika tambaya ko har yanzu Fada Brosnan ne zai yi. Muka ce shi ne. Kika ce shi ma fa ɗan Kerry ne. Kika sa aka miƙo miki jan alƙalami da 'yar takarda, kika daɗe kina rubutu, kika ninke, kika ce in ba shi a ranar, kada in buɗe.

Ranar da kika rasu na wanke garin burodin da ke hannuna na hau tudu. Amya huɗu ne a bayan gidanki, sanyi ya sa duk sun lafe a ciki. Na ƙwanƙwasa kowace sau uku yadda kika nuna mini, na ce musu uwar gidansu ta tafi, Diarmuid ne zai riƙe su, su yi haƙuri da shi. Na kara kunne na ji suna guna-guni a ciki. Tunda na riga na zo, na ƙara musu da cewa an yi musu takwara a gidanmu. Ranar Juma'a aka kai ki, Mossie na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin, yana kuka ba ya ko ɓoyewa.

Shekaranjiya Lahadi aka yi baftisma. An bar kujerarki a gaba, babu wanda ya zauna. Bayan an gama muka bi fada ɗakin da ake ajiye littafi, ya buɗe, ya cire murfin alƙalami. Na ce ya dakata, na miƙa masa takardarki. Ya karanta, ya yi dariya, sai kuma ya cire tabarau ya goge ido, ya juyo mana da ita. Kin rubuta da manyan haruffa, GOBNAIT DEBORAH. A ƙasa kuma: "A rubuta yadda yake. Zan duba."

Ya rubuta yadda yake, Malama. Na tsaya a kansa har ya kai harafin ƙarshe. Da ya nemi sunan kakar yarinya don ya gaishe ni, na ce masa Deborah, cikakke, a gaban kowa.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki kurakuranki, ya ba ki hutu madawwami, ya haskaka makwancinki. Alherin da kika yi wa rayayyu da matattun Glanlea, Ubangiji ya sa ki tarar da shi. Ya haɗa ki da waccan marainiya, ki gaya mata sunanta da bakinki. Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙanwarki Nell da ke Springfield, wadda tsufa ya hana ta zuwa, da Diarmuid da matarsa Bríd da 'ya'yansu, da dukan zuriyar Quill, da ɗaruruwan mu da muka zauna a ajinki. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, ya raya Gobnait Deborah, ya sa mu cika da kyau idan tamu ta zo. Amin.

Ɗalibarki,
Deborah Scannell
Glanlea, 18 ga Fabrairu, 2025